Akwati Biyu, Hannu Ɗaya

A wani biki a Bakura Muttaka ya fara ganin Turai. Shi ne mai kaɗa jita a wata ƙungiya da ke yawon bukukuwa suna maimaita waƙoƙin manyan mawaƙa. Ana hutun la'asar sai ya tarar da wata budurwa a bayan tsohuwar amfilifayarsa, akwatin da ke ƙara sautin jita, tana leƙen kwalabe huɗu da ke ci a cikinta jawur kamar garwashi.

"Malam, mi kake gasawa ciki?" in ji ta.

"Murya, ranki shi daɗe. Sai ta gasu take daɗi."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Kafin a tashi biki ya san sunanta, ya san ɗiyar Alhaji Bawa ce, dillalin shanu a kasuwar Talata Mafara.

Wata huɗu suna soyayya. A lokacin ne aka kawo wa ƙungiyar sabuwar amfilifaya don su gwada. Ita babu kwalba a cikinta, da hannu ɗaya ake ɗaukarta, kuma idan aka murɗa maɓalli sai ta kwaikwayi muryar kowace amfilifaya ta duniya. Ƙungiya ta rabu biyu. Sadi, ɗayan mai jitar, ya ce shi dai sai tsohuwar. Muttaka kuwa ya kasa zaɓa.

Wata safiya ya rubuta wa Sadi saƙo, yatsa ya zame ya tura wa Turai:

"Na kasa rabuwa da tsohuwar, muryarta na shiga zuciyata. Amma sabuwar ba ta da wahala, jiya har Maradun na kai ta a babur."

Amsa ta zo nan take: "Allah shi bar ku tare, ku ukun."

Kwana biyu ba ta ɗauki wayarsa ba. A na uku ya ɗaure akwatunan biyu a babur, ya sauke su a ƙofar gidansu, ya aika a kira ta.

"Turaina, ga tsohuwar, ga sabuwar. Ku gaisa."

Ta dube su, ta dube shi. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi.

"Ɗan kwaikwayo kawai," ta ce a hankali. "Na yi kuka a kan akwati."

Sadi ma yana son Turai, bai taɓa faɗa ba. Ya je ya samu Alhaji Bawa a kasuwa, ya ce masa Muttaka ba shi da waƙa tasa, yanzu ma yana shirin ɗaukar akwatin da ba shi da murya tasa. Mutumin da komai nasa aro ne, yaya za a san maganar da ya yi wa yarinya tasa ce?

Maganar ta zauna wa Alhaji. Ya hana zance. Turai ta rubuta: "Baba ya ce in manta da kai. Na gwada tun safe, ban iya ba."

Alhaji Bawa mutum ne mai abin mamaki. Ko ya juya baya, idan saniya ta yi kuka a cikin garke yakan faɗi wadda ta yi, har ya faɗi ko yunwa take ji ko ɗanta take nema. Da ya ga ɗiyarsa ta daina cin abinci sosai, sai ya sa aka kira samarin biyu zaure da akwatunansu bayan la'asar. Aka tayar da janareto, aka gaisa doguwar gaisuwa. Alhaji ya juya musu baya ya fuskanci bango.

"Ku kaɗa sau huɗu. Ku canja hannu, ku canja akwati, kada wanda ya yi magana."

Suka kaɗa waƙa ɗaya sau huɗu. Turai na bayan ƙofar cikin gida, tana saurare.

Da suka gama, Alhaji ya juyo.

"Akwatunan dai sun fi ƙarfina, ban rarrabe su ba," ya ce. "Amma na fari da na huɗu hannu guda ne. Na biyu da na uku kuma wani hannun. Mai na tsakiya sauri shikai, so shike a ce ya iya. Ɗayan kuwa jira shikai tsirkiya ta gama magana kafin shi taɓa ta gaba. Wane ne wanga?"

"Ni ne, Baba," in ji Muttaka, kansa a ƙasa.

"To waƙar ta wasu ce, haƙurin naka ne. Turo magabatanka."

Sadi ya naɗe wayar jitarsa, ya miƙa wa Muttaka hannu.

Turai ce ta raba gardamar ƙungiya. Ta ce sabuwar ta riƙa bin hanyar Jangebe da Maradun, tunda gargada ba ta fasa mata komai kuma ta iya muryar kowace waƙa da masu biki za su nema. Tsohuwar a bar ta a gida, don waƙar da Muttaka zai fara yi da kansa.

An ɗaura aure ranar Asabar, masallacin unguwa ya cika har waje. Da za a tafi da amarya, Alhaji Bawa ya dafa kan ɗiyarsa.

"Na ba ki ga mai saurare. Ke ma ki saurare shi. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuriya ta gari."

Muttaka ya ce amin, Turai ta ce amin a cikin mayafi, gida duka ya amsa.