Hoton Da Ya Kori Naing

A jirgin ruwan Saen Saep suka fara ganin juna, lokacin nan da masu zanga-zanga suka rufe manyan titunan Bangkok, kowa ya bar bas ya koma bin ruwa. Dao ce kwandasta. Ga ta nan da hular kwano a kan ɗankwali, tana bin gefen jirgi ta waje, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan yana yagar tikiti. Mu 'yan unguwa mun saba ganinta haka, amma baƙo in ya gani sai gabansa ya faɗi.

Shi kuwa Naing ranar ya fara shiga. Ya zauna a gefe da farar rigarsa ta aiki, bai san ana jan ledar da ke gefen jirgi sama ba in wani jirgi zai wuce. Ai kuwa baƙin ruwan nan ya yi masa wanka, jirgi ya ɗauki dariya. Dao ta leƙo ta saman ledar ta miƙa masa hankicinta, ta ce ya yi haƙuri, ruwan ne ke yi masa barka da zuwa. Da ya buɗe baki zai gode ta ji harshensa, ta gane ɗan Burma ne.

Washegari ya dawo da hankicin a wanke, a goge, da burodi mai ɗumi naɗe a ciki. Ashe gashin burodi yake yi a wani otal. Ashe kuma Musulmi ne, don ba a jima ba muka fara ganinsa a masallacinmu na bakin ruwa ran Juma'a, alhali akwai wanda ya fi kusa da ɗakinsa. Mu dai muka zuba ido.

Dao ƙawata ce tun muna yara, saƙonsu kuwa ba wanda ba ta nuna mini ba. Ta rubuta masa: "Mai burodina, gobe ka zauna layin baya, can na fi daɗewa."

Ya amsa: "Kwandastata, in na zauna baya zan wuce tashata ban sani ba. In aka kore ni a aiki ke za ki ciyar da ni."

Maganar ta kai kunnen mahaifinta, Lung Saman, kamar ka ce Kawu Saman, mai sayar da shinkafa da kaza a bakin lungunmu. Ya ce sam. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da zamansa a ƙasa ke rataye a takarda ba, yau a ce zauna gobe a ce tafi. Ga Wirat ɗan acaba, ɗan amininsa, da babur ɗinsa da rigar layinsa, yana jira tun tuni. Dao ta ce Wirat yayanta ne, ba ta taɓa yi masa wani kallo ba. Naing ya zo gaisuwa da kwalin burodi, Lung Saman ya bar shi tsaye a ƙofa yana ta yankan kokwamba kamar ba kowa.

A lokacin zanga-zanga ta riga ta shiga jinin tsohon. Kullum da safe ya rataya usur a wuya, ya ɗaura ƙyallen tuta a ka, ya tafi ya zauna a kan kwalta tare da abokansa, ya bar wa matarsa tukunya ga ta da ciwon baya. Shi ma otal ɗin su Naing ya koma kango, baƙi sun gudu, aka ce ma'aikata su je su huta sai an neme su.

Kwatsam wata safiya sai ga Lung Saman ya aika a kira masa Naing. Ya zaunar da shi, ya zuba masa shinkafa da hannunsa, ya ce ya riƙe masa rumfar kafin gari ya lafa. Naing ya yi ƙasa da kai ya ce shi takardarsa gashin burodi aka rubuta a ciki, a otal, kuma sayar da abinci a titi ba aikin baƙo ba ne, in aka gan shi da ludayi shi ke nan.

Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "A lungun nan wa zai gan ka? Duk mutanena ne. Kai ɗana ne yanzu."

Wannan kalmar ce ta kashe masa jiki. Ya ɗauki ludayi.

In gaya muku, rumfar ba ta taɓa cika haka ba. Yana zuba shinkafa yana zolayar tsofaffi da gurɓataccen harshensa, suna gyara masa suna dariya. Wata rana Dao ta sauko daga aiki ta same shi ya ɗaura ƙyallen girkin babanta, ludayi a sama, tururi ya rufe masa fuska. Ta ce ya juyo. Ya juyo yana dariya ta ɗauke shi hoto. Don murna ta sa a gurup ɗin gidansu na waya, ta rubuta a ƙasa, "Ku ga sabon ɗan Baba."

Ba a daɗe ba, ana cikin cinikin rana, wasu mutum biyu cikin kayan gida suka zo suka tsaya a layi. Da layi ya zo kansu suka nuna katin jami'an shige da fice. A gaban idonmu aka tafi da shi, ko ƙyallen bai kwance ba. Lung Saman yana can kan kwalta.

Dao ta yi ta zarya har aka bar ta ta gan shi ta bayan ragar ƙarfe, a inda ake tsare da shi. Ta tafi masa da abinci da riga. Bai karɓa ba. Ta ce ba ta taɓa ganin idonsa haka ba, ba fushi a ciki, sai ka ce an ɗebe wani abu an bar rami.

Ya ce, "Sun nuna mini hoton, Dao. Wanda kika ce in juyo."



Ya ƙara da cewa, "Ke nake yi wa dariya a ciki."

Daga nan ya juya baya. Ba a jima ba aka sa shi mota da wasu aka kai su iyaka, aka buga masa hatimin kar ya sake shigowa sai bayan shekaru.

Dao ta koma aiki, amma ba Dao ba ce. Ba zolaya, ba waƙa, tana yagar tikiti kamar inji. Unguwa kuwa ta gama yanke hukunci cewa Wirat ne, tunda ƙanensa yana auren 'yar gidan, hoto zai iya kai wa gare shi. Mata suka daina hawa babur ɗinsa. Ni kaina da goyona na gwammace in taka da ƙafa.

Dao ta tare shi a layin 'yan acaba, a gaban abokansa. Ta ce da ma haka zai yi ya samu mata? Wirat ya cire hularsa ya ɗora a kan tanki, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce ya so ta, ba ya musu, kuma ganin ɗan Burman nan a rumfa bai yi masa daɗi ba. Amma shi mutum ne da yake ɗaukar fasinja ya kai shi inda ya ce.

Ya ce, "Ƙanwata Dao, ki tambayi wanda na ɗauka ranar na kai ƙofar ofishin shige da fice. Usur ne a wuyansa."

Ta zo gida ta samu babanta yana wanke tukunya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi kawai. Bai musa ba. Ya ce a can kan kwalta kullum ana ta faɗa a lasifika cewa baƙi ne suka cinye ƙasa, wasu ma har cewa suke baƙin ake ɗaukowa haya su jefi masu zanga-zanga da dutse. Abokansa suka sa shi a gaba, wai ga mai kishin ƙasa da ɗan Burma ke riƙe masa ludayi, gobe ya riƙe masa 'ya. Ya ce shi bai zaci za a kai shi iyaka ba, ya ɗauka tsorata shi za a yi ya bar unguwar.

Dao ta ce, "Baba, da ka ce masa ɗanka, ka riga ka shirya ko daga baya ne?"

Ya ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita. Har yau ba wanda ya ji amsar.

Ta rubuta wa Naing: "Naing, hoton nawa ne, amma ba ni na kai ba. Babana ne. Ban san wanne ya fi ciwo ba, ka zarge ni ko ka san wannan."

Ya karanta, bai amsa ba. Ta sake rubutawa: "Ba sai ka amsa ba. Ina zuwa."

Ta mayar da hular kwano ga mai jirgi, ta hau bas zuwa Mae Sot da ke bakin iyaka, ta karɓi takardar yini ta haye gada. A Myawaddy, can ɓangaren Burma, ta yi ta nuna wa mutane sunan wata gwaggonsa mai shagon shayi har aka kai ta. Ta same shi yana murza ƙullu, ya rame. Da ya gan ta sai ƙullun ya suɓuce masa. Gwaggon, Daw Amina, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta kori masu shan shayi daga benci ta ce su zauna.

Ya ce ya gaskata ta tun a saƙon farko. Abin da ya hana shi amsawa kunya ce, don ya zarge ta. Sannan kuma me zai ce? Ba zai iya komawa ba, ba kuma zai ce ta bar gidansu da ruwanta ta zo ƙasar da ba ta jin ko sannu ba.

Ta ce, "Kai da ka zo tamu wa ya koya maka? Ruwa ne ya yi maka wanka ka koya."

Nan ya yi dariya, ita kuma ta fashe da kuka. Daw Amina ta tambaya me ta ce, aka fassara mata, ta ce wannan yarinya ba za a bar ta ta tafi ba.

Saura waliyyi. Dao ta ce ko liman zai iya, Naing ya ce a'a, ba zai ɗauke ta ta bayan gida ba, sai dai mahaifinta ya zo ya ba shi da bakinsa. Mahaifiyar Dao ce ta gama wannan. Ta kife tukunya ta ce ba za ta sake hura wuta a rumfar nan ba sai ya je ya gyara abin da ya ɓata. Lokacin ma sojoji sun riga sun kwashe mutane daga kan kwalta, abokan usur kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ko leƙo shi.

To, makon jiya aka yi! Mun cika mota, mata da yara da tukwane, ɗana yana ta cizon wuyan rigata har Mae Sot. Muka haye gada da takardun yini. Lung Saman ya riƙe takardarsa da hannu biyu, yana ta tambayar ƙarfe nawa ake rufe gada. A masallaci ya zauna cikin mutanen da ba ya jin maganarsu. Da liman ya tambaye shi ya ba da, ya ce ya ba da.

Dao kuwa ba a magana. Matan gidan ango sun shafa mata farin garin itacen nan nasu a kumatu, suka sa mata furanni a kan mayafi. Muka ci shinkafarsu, suka ci tamu, aka yi ta gardamar wadda ta fi daɗi da hannu da ido.

Da la'asar ta yi muka kama hanya kafin a rufe. Ango da amarya suka rako mu. A tsakiyar gada Naing ya tsaya, don iyakarsa ke nan, taku ɗaya gaba laifi ne. Lung Saman ya juyo ya kama hannunsa, ya roƙe shi ya yafe masa.

Naing bai janye hannun ba. Ya ce, "Lung, ka ba ni Dao, na gode, zan riƙe ta amana. Ɗayar maganar ka ba ni lokaci."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya dubi 'yarsa, ta durƙusa ta sumbaci hannunsa, ta miƙe ta koma gefen mijinta. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a mai tsawo, mu duka muna amin, har masu wucewa da kaya a ka suka rage tafiya. Sannan ya juya ya nufi ɓangarenmu shi kaɗai, muna binsa a baya.

Na waiwaya na gan su suna komawa, kafaɗa na taɓa kafaɗa, yana nuna mata wani allo yana koya mata karantawa. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya kuma kawo ranar da za a ɗage masa hatimin nan, su ƙarasa gadar tare.