Maharbin da Ya Yanke Maratayin Bindigarsa

A can baya an yi wani maharbi mai mugun zargi, ko ruwa ka ba shi sai ya shinshina. Gada ta addabi gonar wakensa, ga hannunsa na rawa, kullum ya yi harbi sai kuskure.

Wani tsohon maharbi ya ce masa, "Ɗan nan, naɗe maratayin bindigar a damtsenka, ka ja ya yi tauri, bakin bindiga zai tsaya."

Mai zargin ya ce a ransa, "So yake in ɗaure kaina ya riga ni nama." Sai ya zaro wuƙa ya yanke maratayin.

Da yamma gada ta fito. Hannu ya yi rawa, bindiga ta yi rawa, harbi ya bi sama. Gada ta tsere, washegari ta cinye sauran waken.

Maharbi ya dubi gona ya ce, "Dama na san tsohon nan ya yi mini wani abu."