Rumbun Da Aka Toshe A Nukkai

Da kakar 1994 Godiya ta fara ganin Nathan, malamin gona da aka turo Nukkai feshin rumbuna. Ta miƙa masa ruwa, bawan Allah ya tsaya kallonta har kofin ya tuntsure masa a takalmi.

"Malam, ƙwarin suna rumbu, ba a fuskata suke ba."

Shi ke nan fa. Rumbunan da aka fesa sau ɗaya suka koma buƙatar dubawa kullum, ita kuma sunanta ya koma Kakata, wai don da kaka ya same ta.

Gidansu Godiya akwai al'ada tun wata gobara ta zamanin kakansu: ba mai zuba dawarsa a rumbu ɗaya. Kowa sai ya rarraba tasa a rumbunan 'yan'uwa, ko da ɗaya ya ƙone ba mai kwana da yunwa.

Rumbu ɗaya ne ya fita daga zuben, na mahaifinta. Ranar da ya rasu, mahaifiyarta Mama Margaret ta kwaɓa laka ta toshe bakinsa da dawar da ya noma a ciki, ta ce 'yan'uwansa ba su kai shi asibiti da wuri ba. Tun daga nan, in gida ya yi tsit da rana, sai a ji shhh a ciki, kamar mutum yana juya hatsi. Ko kaji ba sa kiwo a gindinsa.

Da iyayen Nathan suka zo tambaya, Baba Timoti, yayan marigayin, ya girgiza kai.

"Uwarta ta cire kanta daga cikinmu. Sai rumbu ya dawo cikin zube zan ba da yarinya."

Nathan ya je lallashi, sai ilimi ya kwashe shi.

"Mama, ai ƙwari ne ke wannan motsin."

"Mijin nawa ne ƙwari? Fita!"

Godiya ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Nathan, wallahi tana sonsa, amma ita ma takan raɓa da rumbun ta ce, "Baba, ina wuni."

"Ka san ƙwari, ba ka san mu ba," ta ce masa.

"Kakata, koya mini."

Ranar Lahadi bayan coci ya dawo, ba injin feshi. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban rumbun yadda ake yi wa suruki.

"Baba, ni ne Nathan. Na yi maka rashin kunya, ka yafe. Godiya nake roƙo."

Shhh, in ji rumbun.

Mama ta ɗauko taɓarya ta fasa lakar da hannunta. Dawa ta zama gari, sai malfar marigayin a kai. Aka kwashe, aka yi hayaƙi, aka yaɓe. Rumbun ya yi shiru, shirun da ya fi motsin ciwo. Mama ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Sai ga Baba Timoti da ƙwarya cike da dawa, matan gida a bayansa, kowacce da awon rumbunta. Ya ɗaga ya zuba.

Shhh.

Mama ta ɗago kai. "Ka ji shi, Nathan? Ya amsa maka."

Kafin Kirsimeti aka ɗaura aure, da dawar rumbun aka dama kunun biki. Mama ta ɗora wa ango malfar, ta ce, "Allah ya cika muku rumbu, ya hana ku toshe shi."