Alkawarin da Na Ɗauka da Hannu

Dogo ya kama hannuna yana ƙoƙarin zare zoben da shi da kansa ya sa min.

Na dunƙule hannun.

"Saki, Auta," ya ce, muryarsa ta cika cocin da babu kowa, don yanzu bai san ƙarfinta ba. "Na yafe miki alkawarin... ki auri mai jin muryarki."

"Ka yi kaɗan," na ce.

Bai ji ba, amma ya gani a fuskata.

Dogo ne mai kaɗa piyano a cocinmu, ni ce mai jan waƙa. Mun gama tsara rayuwarmu tas: aure, sannan faifan waƙoƙin yabo, shi da kiɗa ni da murya. Har sunayen 'ya'ya mun zaɓa, don zumuɗi. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi babu kunne.

Na yi azumi har siket ya daina zama a ƙuguna. Addu'ata kuwa umarni ce zalla: "Ubangiji, buɗe kunnen nan kafin ranar aure." Kamar ina aiken ɗan dako.

Kunne bai buɗe ba. Na yi fushi da Allah, ba zan ɓoye ba.

Da na ƙi sakin zoben ranar a coci, Dogo ya miƙo min wayarsa. Saƙon Gwaggona ne, wai kunya nake ji a gan ni da kurma, tausayi ne kawai ya hana ni faɗa.

Ban tsaya ko'ina ba sai kicin ɗin Mama. Gwaggo na zaune tana yankan albasa kamar ba ita ba.

"Gwaggo, yaushe na aike ki?"

"Gyara na yi miki, 'yar nan. Ga mai kemis yana ta zarya, lafiyayye, kunnuwansa biyu."

"To ki aure shi mana."

"Auta!" Mama ta daka min tsawa. Sai kuma ta sassauta. "Uwata, ki duba. Allah ya ba ki murya, ki kai ta gidan da ba za a ji ba? Wataƙila rufe ƙofar ya yi."

Maganar ta tsaya min a rai. Ranar na durƙusa, karon farko ban ba Allah umarni ba.

"Ga tsarina ya rushe," na ce. "Nuna min naka, ko da ba zai min daɗi ba."

Ranar Lahadi ina jan waƙa na hango Dogo a bencin ƙarshe. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata tsohuwa, da tela, da wasu 'yan mata biyu, duk kurame. Shekara da shekaru suna zuwa, su kalli bakin Fasto su koma gida. Mu da ke gaba muna ta tashin murya, ko sau ɗaya ba mu lura ba.

Na ga telan yana koya masa magana da hannu. Na ga Dogo yana dariya, irin wadda rabona da ita tun kafin ciwon.

Kunya ta kama ni, har na ɓata baiti.

Washegari na shiga makarantar kurame. Yatsuna kamar itace, malamar har hawaye take don dariya. Na nace.

Da hannuna ya faɗa, na tare Dogo a ƙofar coci.

"Masoyina," na ce da yatsu, "ba tausayinka nake ji ba. Son ka nake."

Ya daɗe yana kallon hannuna, idonsa ya ciko.

"Faifan fa?"

"Namu tsarin ke nan. Ga mutane can baya ba su taɓa jin wa'azi ba."

Ranar aurenmu kurame ne a bencin gaba. Gwaggo ta zo, fuska a ɗaure, amma ta zo. Da Fasto ya tambaye ni, ban buɗe baki ba. Na ɗaga hannu a gaban kowa na ɗauki alkawarina, kaina a sama.

Kuramen suka ɗaga hannuwa suna kaɗawa, irin nasu tafin ke nan. Na waiga, sai ga Mama tana kuka, hannuwanta biyu a sama.

Har yau kunnen mijina bai buɗe ba. Duk Lahadi ina tsaye gefen Fasto ina juya wa'azi da hannu, shi kuma yana jan waƙa da nasa. Benci ɗaya ya daina isarmu, yanzu huɗu muke cikawa.