Ranar Da Malam Badaru Ya Fita Duba Babur

Inna Kande na tankaɗe a tsakar gida, ɗanta Sabiru ya shigo da fara'a.

"Inna, Firdausi ta ci jarrabawar kamfanin riɗi! Saura intabiyu a Daura. In ta tsallake, su za su ɗauki nauyin karatunta na ungozoma, shekara uku."

Inna ta aje rariya. "Shekara uku? An sa ranarku bayan kaka, gari duk ya ci goro da alawa! Ka gaya mata, ko makaranta ko ɗakinta. Ba zan yi suruka 'yar bodin ba."

"Haba Inna..."

"Na gama!"

Mahaifinsa, Malam Badaru, shugaban manoman riɗi na Baure, yana kan buzu yana tufkar igiya. Bai ɗago ba. Mutum ne marar magana, sai aka ɗauka shirunsa goyon bayan Inna ne.

Da la'asar Sabiru ya je zance. Firdausi ta yi ta kuka a zaure.

"Ina son ka, ina son karatun nan. Ka san yayata a hanyar asibiti ta rasu, da naƙuda."

"Ki je intabiyun," in ji shi. "Ni ba inda za ni. Inna kuma mu yi ta ba ta haƙuri."

Ranar Talata ta shiga ɗakin intabiyu a Daura. Kamfanin kan zaunar da wakilin manoma guda, don kada a yi son kai. Tana ɗaga ido, sai ga Malam Badaru a bayan tebur!

Nan take ta durƙushe bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Yar Baure ba ta buɗe baki gaban surukinta.

Hajiya Raihana, jami'ar kamfanin, ba ta san dangantakar ba. "Taso ki hau kujera. Me ya sa kike son ungozoma?"

Shiru.

"To wa ya sa miki hannu a fom?"

Malam Badaru ne ya sa, a matsayinsa na shugaban manoma, sunan suruki kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta kama shi ba. Sai hawaye.

"Ikon Allah! Ita ce fa ta zo ta ɗaya. Ungozomar da ba ta magana, ina za mu kai ta? A kira ta gaba."

Malam Badaru ya miƙe. "Dakata, Hajiya. Zan duba babur ɗina."

"Yanzu, Malam?"

"Yanzu. Zan jima. Ki sake tambayar ta."

Ya fita ya zauna a rana kusa da babur ɗin da ba abin da ya same shi. A ciki Firdausi ta yaye mayafi, ta amsa komai tiryan-tiryan. Da Hajiya ta ji dalilin shirun, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa hannu a takardar ɗaukar nauyin karatunta.

Labari ya riga Malam isa gida.

"Malam, an ce kai ka tashi ka ba ta fili!" in ji Inna.

"Ni ne."

"To bikin fa?"

"Bayan kaka, yadda aka sa. Ta tare, ta tafi makaranta, hutu ta dawo. Yarinyar da ta yarda ta rasa karatu don kada ta ɗaga ido a gabana, bodin ba zai ɓata ta ba."

Sabiru ya kasa zama. Can Inna ta ja turmi.

"Kai kuma ka tsaya kana kallo na! Miƙo min barkono in daka mata yaji. An ce abincin makaranta lami ne."

Sabiru ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ruga ɗakin girki.

Ku 'yan baya, ku lura. Firdausi ba ta yi tsiwa ba, Sabiru bai ɗaga wa uwarsa murya ba. Sun yi haƙuri, Allah ya haɗa musu auren da karatun. Mu manya kuma, in zamanmu ne ya tare wa yaro hanya, sai mu tashi mu ba shi wuri.