Layi Biyu a Jadawalin Rigakafi

Ranar Alhamis da hantsi Sufeto ya fito da mataimakin Farfesa daga ofishin lissafin annoba. Bai sa masa ankwa ba.

Kwana biyu kafin nan Farfesa ta kai ƙara cewa ranar Litinin an ɗauke littafin da take rubuta alƙalumanta a ciki. Rigakafin ba zai ishi kowa ba, ita aka ɗora wa lissafa waɗanda za a fara yi wa allura. Lissafinta ya ce tsofaffi. Jadawalin da ya isa asibitoci ya ce 'yan talatin zuwa arba'in.

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a taɓa kwaɗo ba. Makullai uku ne: nata, na mataimakin, na mai shara.

"Ranka ya daɗe, ni ko shekaruna ban iya lissafawa ba," in ji mai shara. "Ranar Litinin ɗin ma a duhu na share. Babu wuta tun safe, janareta ya ƙi tashi."

Mataimakin ya tarbi Sufeto da fara'a.

"Ranar Litinin na zuba alƙaluman a babbar kwamfuta, ta wuni tana aiki. Abin da ta ba ni na tura."

"Da wace wutar, Malam?"

Sufeto ya juya ya fara binciken ofishin.

A durowar mataimakin aka sami littafin, ƙarƙashin tsofaffin fayiloli. Farfesa ta buɗe, ta tsaya a wani shafi da aka yi wa gyara da jan biro.

"Wannan ba hannuna ba ne." Ta gyara tabarau. "Kuma gyaran daidai ne."

"Kai wane irin ɓarawo ne?" in ji Sufeto. "Ka saci littafi, ka zauna kana ba shi maki?"

"Kuskure na gani, hannuna ya ƙi haƙura." Ya sunkuyar da kai. "Ni na sauya layi biyu a jadawalin, na ɗauke littafin don kada a gane. Matasa ke cika bas, su ke kai wa tsofaffi cutar har ɗaki. Wata uku ina faɗa mata."

"Ka faɗa, na lissafa, ban gamsu ba," in ji Farfesa. "Babanka shekararsa saba'in da takwas."

"Na sani, ranki ya daɗe."

Sufeto ya nuna masa ƙofa, mataimakin ya wuce gaba.

Kafin a dakatar da jadawalin an yi allura dubu goma sha ɗaya. Farfesa ta sake saka lissafin a kwamfuta, har da gyaran jan biron. Sakamakon bai fito ba tukuna.