Mai Sabon Keke da Ƙaton Kwaɗo

A can wani zamani, a wani gari mai cin kasuwa ran Laraba, an yi wani mutum mai son a gan shi. Ya sayi sabon keke, ya haɗa da sarƙa da kwaɗo mai girman dunƙulen hannu. Ko ragi bai nema ba, sakarai.

Ran kasuwa ya tsaya a rumfar wata tsohuwa mai daddawa, ya zura sarƙar cikin ƙafar gaba, ya ɗaure a dirka.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ƙafa ka ɗaure, ba keke ba. Zura sarƙar ta ƙarfen tsakiya, ta kama ƙafar baya."

Ya ce, "Iya, ke da ko jaki ba ki taɓa hawa ba? Kwaɗon nan guduma ba ta fasa shi."

"Ni na ce za a fasa shi?"

"Guduma ba ta fasa shi," ya sake faɗa da ƙarfi don jama'a su ji, ya shige kasuwa yana kaɗa makulli.

Da azahar tsohuwa ta tafi salla. Ɓarawo ya zo, bai ko kalli kwaɗon ba. Ya kwance noti biyu da sifana, ya saɓa keken a kafaɗa, ya wuce.

Mutumin ya dawo da buhun dawa, ya tarar da ƙafa ɗaya tal a jikin dirka. Ya ɗora hannu a ka yana salati.

Tsohuwa da ta dawo daga salla ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗora buhunka a ka, ɗan nan. Ƙafar kuwa ka gara ta zuwa gida, hanyar duk gangare ce."